Ranar da Tsohuwa Ta Rufe Ƙofa

"Sake dannawa," in ji Injiniya daga ƙarƙashin tebur.

Dogo mai zane ya danna. 'Yar ƙwallon nan mai launi ta yi ta juyi a fuskar kwamfutarsa kamar ba za ta daina ba, can sai ga saƙon da suka gani ya fi sau goma tun safe: an kasa haɗuwa.

"Ta ƙi," ya ce. "Tsohuwa fa yau da fushi ta tashi."

Injiniya ta fito da baya-baya, ta gwara kanta da gefen tebur, ta haɗiye baƙar maganar da ta zo mata baki. Ba injiniya ba ce a takarda, 'yan maɗaba'ar ne suka laƙa mata sunan tun ranar da ta zo da jakar sukurdireba, kuma da can sunan daɗi yake yi mata. Yau kam duk wanda ya kira ta da shi sai ta ji kamar gatse yake yi.

Tsohuwa ita ce babbar kwamfutar da ke ƙaramin ɗaki a ƙarshen baranda, wadda duk aikin gidan yake bi ta cikinta. Masu buga rubutu su zuba nasu a folda ɗaya daga kwamfutocinsu na Windows, Dogo ya ɗauka a tasa Mac ya tsara shafuka ya mayar, sai na'urar faranti, wadda ke aiki da Linux, ta ja daga nan ta fitar da farantan da za a ɗora wa injin bugu. Kowace da yarenta, amma shekara da shekaru suna cin kasuwarsu lafiya a ɗakin Tsohuwa. Yau da safe kawai aka wayi gari masu Windows suna shiga suna fita abinsu, Mac da na'urar faranti kuwa an rufe musu ƙofa.

Da a ce wata rana ce, da ko a jikinta. Amma takardun jarrabawa ake bugawa, kuma wannan ce takarda ta ƙarshe. Motar hukumar jarrabawa za ta tsaya a bakin get ƙarfe huɗu, injin bugu yana son awa uku cur, ke nan in faranti bai fito kafin ƙarfe ɗaya ba, magana ta ƙare. Manaja ya faɗa mata tun ƙarfe tara, bai ɓoye ba: in mota ta tafi wayam, hukuma za ta ɗauke aikin ta kai wani gida, ita kuma kada ta ɓata ƙafarta zuwa gobe. Watanninta uku na gwaji jibi suke cika.

"A ba ni filas mana, ɗan abin kwafar fayil ɗin nan," Dogo ya ce, yana miƙa dogayen ƙafafunsa. "Minti biyu na kwafe, na kai da hannuna. Taku ashirin ne fa tsakanina da na'urar."

"Taku ɗaya ma ba za ka yi ba."

Mai sa ido ce ta yi maganar, matar da hukuma ta turo ta zauna a kansu. Tana kan kujera a bakin ƙofa, tabarau a karan hanci, littafi a cinya, ba ta ko ɗago ba. Ita ta bi kowace kwamfuta ta liƙe kafar filas da hatimin hukuma, ita ta sa aka tsinke intanet, ita ta sa kowa ya bar wayarsa a wurin maigadi. Wanda ya shigo ƙarfe bakwai ba ya fita sai mota ta tashi, wanda bai shigo ba kuma sai dai haƙuri.

"Hajiya," Injiniya ta kwantar da murya, "ko zan haɗa ta Dogo da na'urar kai tsaye? Waya ɗaya ce kawai, a gabanki."

"Duk shafin da bai bi ta babbar kwamfuta ba, a wurina sata ne. Ita ce ke rubuta wa ya taɓa me. Gyara ta."

To, gyara ta. Faɗa ai ba wuya.

Ta koma baranda a sukwane. Ta riga ta canza waya har sau biyu. Ta aika ɗan saƙon gwaji daga Mac zuwa Tsohuwa, ya je ya dawo lafiya lau, ke nan hanya a buɗe take, ganin juna suna yi, shiga ce aka hana. Ta sake rubuta kalmar sirrin Dogo harafi bayan harafi, har ta ba shi sabuwa, aka ƙi. Ta duba izinin foldar, wa zai karanta, wa zai rubuta, komai yana nan yadda ta bar shi. Ta ce ko katangar tsaro ce ta toshe wata kafa, ta sauke katangar ɗungurungum, ba abin da ya canza, ta mayar. Abin da ya fi ci mata rai shi ne masu Windows, 'yan mata huɗu da ke ta ƙwas-ƙwas ɗinsu suna hira, foldar tana buɗe musu kamar ƙofar ɗakin uwarsu. In Tsohuwa ce ba lafiya, ya aka yi su suke shiga? In kuwa laifin Mac ne, me ya haɗa ta da na'urar faranti, da ba danginsu ɗaya ba?

Ƙarfe goma sha ɗaya ta yanke cewa rikicin yare ne. Hanyar musayar fayil tana da tsoho da sabon salo, wataƙila wata a cikinsu ta kafe a kan sabo, Tsohuwa tana ta yi mata tsoho. Ta shiga ƙaramin ɗakin, ta jawo kujera, ta buɗe takardar saiti, ta canza layi ɗaya, ta tayar da manhajar, ta ruga wurin Dogo. An ƙi. Ta dawo ta canza wani layin, ta sake rugawa. An ƙi. A zuwa na uku sai ga 'yan matan Windows sun yo kanta da ihu, wai su ma yanzu an kore su. Gumi ya karyo mata. Ta mayar da komai yadda yake, suka samu suka shiga, ita kuma ta koma inda ta fara, an ci mata minti arba'in a banza.

Ɗakin kansa tsaf yake, kuma ita ta mai da shi haka. Lokacin Baba Waya, wanda ta gada, wurin ya fi kama da shagon mai gyaran rediyo: tulin wayoyi a ƙusa, gwangwanin sukurori, tsumma, buroshin fenti na kaɗe ƙura, 'yar rediyo mai ɗaurin roba. Mako ɗaya da tafiyarsa ta kwashe komai ta zuba a kwali, ta ɗaure wayoyi ta liƙa wa kowace suna. Manaja da ya leƙo har da tafa mata.

Ta ture tunanin Baba Waya gefe. Tun safe take ture shi yana dawowa.

Ƙirjinta ya yi nauyi, ya fara zafi. Yarinyarta wata biyar, tana gidan Yaya, yanzu lokacin shan nononta ne, kuma jiki bai san da wata jarrabawa ba. Ta gyara mayafi ta rufe gaban rigarta. Hannunta ya kai aljihu neman waya, karo na nawa ke nan, ya tarar da wayam. Da wayar tana nan, da tuni ta rubuta matsalar ta ga abin da mutanen duniya suka ce. Shekara huɗu a makaranta, ashe rabin iliminta a aljihu take ajiye shi, yau ga shi can a akwatin maigadi.

Manaja ya faɗo ɗakin, wuyan rigarsa jiƙe.

"Ina muka kwana?"

"Na kusa, ranka ya daɗe."

"Tun ƙarfe tara kike kusa! Mutum goma sha biyu na tsaye a gindin inji sun harɗe hannu. Ke ce fa kika ce min za ki iya ke kaɗai. Da bakinki. A rubuce ma!"

Ya fita ya bar ƙofa a buɗe. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya yi ciwo.

Baba Waya abokin mahaifinta ne tun suna samari, shi ya tsaya a kansu bayan rasuwa, shi ya kawo ta gidan nan da ƙafarsa ya ce wa Manaja ga 'yarsa, a gwada ta. Wata ɗaya da rabi da zuwanta Manaja ya kira ta gefe, ya ce gidan ba zai riƙe masu kwamfuta biyu ba, ta rubuto masa abin da kowannensu yake yi. Nata ya cika shafi biyu. Na Baba layi biyu ne: yana shiga ɗakin babbar kwamfuta na minti biyar kowace safiya, bayan wannan ban ga wani aiki takamaimai ba. Ba ƙarya ta yi ba, ta sha gaya wa kanta haka. Kowa ya san da minti biyar ɗin nan, har tsokanarsa ake yi wai ya shiga gaida matarsa, shi kuma ya yi dariya ya ce ai tsohuwa sai da lallashi.

Ranar da zai tafi ya kama hannun rigarta a baranda ya ce ta zo ya nuna mata wani ɗan abu. Kunya ta hana ta kallon idonsa, sai kunyar ta fito a matsayin tsiwa. "Baba, na san aikina," ta ce. Ya saki rigar. A makon nan ya kira ta sau uku ba ta ɗauka ba, don ta ɗauka roƙo zai yi ta sa baki a mayar da shi. Inna kuwa tun ranar ba ta ƙara tambayarta ya aiki ba.

Sha biyu da kwata ta je ta tsaya a gaban mai sa ido.

"Hajiya, ina son in yi waya."

Matar ta sauke tabarau. "Kin san doka. Wayar ofis, a buɗe kowa na ji, ina tsaye. Kika ambaci kalma ɗaya ta jarrabawa na katse."

"Na yarda."

Ofishin Manaja ba kowa, yana can gindin inji yana zuba faɗa. Lambar Baba Waya tana kanta tun tana 'yar makaranta, ita suke kira in wuta ta lalace a gida. Bugu biyu aka ɗauka. Hayaniyar mota ta cika ɗakin, ana jin kwandasta yana kiran tasha.

"Baba, ni ce."

"Na sani, 'yata. Ya mai sunan Inna? Ta fara zama?"

Ta shirya wa faɗa, ta shirya wa gori, ba ta shirya wa wannan ba.

"Tana lafiya. Baba, Tsohuwa ce. Ta hana Mac shiga, ta hana na'urar faranti, masu Windows ne kawai..."

"Ƙarfe nawa ne a wurinta?"

"Na'am?"

"Tsohuwa. Agogonta. Ƙarfe nawa ta ce?"

Awa uku tana zaune a gaban kwamfutar nan, ta leƙa kowane lungu nata, ba ta kalli agogo ba ko sau ɗaya. Wa yake kallon agogon kwamfuta?

"Jinkiri take yi," ya ce, a hankali, yadda yake koya mata ɗaura fulogi tana ƙarama. "Sakan tara kullum, ko ki yi mata me. Tsufa ne. Da tana kan intanet da ta gyara kanta, to tuntuni mun cire ta saboda sirrin aikin mutane. Ita kuma ƙa'idarta, duk wanda ya zo shiga sai ya nuna mata lokacinsa. In ya saɓa da nata fiye da minti biyar, sai ta ce ɓarawo ne ya zo da tsohon tikiti. Su Windows in an ƙi su ta gaba suna da wata tsohuwar ƙofa ta baya da suke zagayawa, sauran biyun kuwa yadda na saita su ba su da ita. Shi ya sa kike ganin kamar faɗan yare ne."

"Minti biyar ɗin da kake shiga..."

"Agogo nake saita mata da na hannuna, nawa kuma da rediyo. In kaɗe mata ƙura in fito." Ya yi 'yar dariya. "Yau kwana talatin da huɗu da tafiyata. Ki lissafa. Jiya da kyar ta sha, na san yau ba za ta kai ba."

Ba ta lissafa ba, ta san daidai ne. Mai sa ido tana tsaye a jikin ƙofa, idonta a kan silin, kamar ba ta ji komai ba.

"Baba..."

"Je ki, lokaci na tafiya. Ki ɗauki na kwamfutar Dogo, nata ba ya ƙarya. Ki gaida Innarki."

Ya katse.

Da gudu ta bi baranda, takalmi ɗaya ya kusa fita. Dogo ya tsaya a ƙofarsa yana ƙwala mata lokaci kamar mai kiran fasinja, ita tana ƙaramin ɗaki yatsunta a kan madannai. Tsohuwa ta ce sha biyu da minti ashirin da shida. Ta Dogo ta ce da talatin da ɗaya, har da 'yan sakanni. Ta rubuta layi ɗaya tak, ta jira ya ce "Yanzu!", ta danna.

Shiru. Sai kuma ihun Dogo: "Ta buɗe! Wallahi ta buɗe! Tsohuwa ta huce!"

Faranti na farko ya fito ɗaya saura minti goma sha biyu. Injin bugu ya tashi, ƙasa ta ɗauki rawa, warin tawada ya cika gidan. Injiniya ta zauna a ƙaramin ɗaki ta rufe ƙofa, gaban rigarta ya jiƙe, ba ta ma damu ba. Ta ga yadda za a yi maganin abin har abada: a sa Tsohuwa ta riƙa karɓar lokaci daga na'urar faranti, aikin minti goma, ba sai kowa ya ƙara shiga da agogo ba. Ta iya wannan, Baba bai iya ba. Da ta bi shi ranar da ya kama mata riga, da su biyun sun gama shi kafin shayinsa ya huce. Wannan ne ya sa ta kuka, ta yi shi a gurguje, ta share fuska da bakin mayafi.

Mota ta tashi huɗu da minti bakwai, kwalaye cike, hatimi a kan kowanne. Manaja ya dawo mutum, har da raba lemon kwalba. Ya tare ta a gaban kowa, fuska washe.

"Injiniya! Ashe dai ba a banza ake kiran sunan ba. Me ya same ta ne?"

Mai sa ido tana gefe tana zuge jakarta.

"Ɗan ƙaramin abu ne, ranka ya daɗe," Injiniya ta ji bakinta yana faɗa. "Saiti ne ya goce. Na gano shi na gyara."

"Kun ji ko? Na gaya muku yaran zamani ba wasa ba ne. Jibi ki zo ofis ki sa hannu, kin zama tamu."

Aka tafa. Mai sa ido ta ɗago ta kalle ta ta saman tabarau, kallo ɗaya, ba harara ba, ba murmushi ba, sannan ta rataya jaka ta wuce. Injiniya ta shanye lemonta duk da ba ta ji ɗanɗanonsa ba. Ta samu abin da ta zo nema. Yarinya tana jira, Yaya ma ta gaji da jira, in ta yi sauri za ta samu motar ƙarfe biyar saura.

A bakin get maigadi ya buɗe akwati yana miƙa wa kowa wayarsa. Da ya zo kanta sai ya ce ta dakata, ya laluba aljihun rigarsa ya fito da wani abu ƙunshe a takarda.

"Saƙonki. Dattijon nan ne ya bari, Baba Waya."

"Yaushe?"

"Ai tun bakwai da rabi yana nan. Kun shiga ke nan ya iso, motarsa ce ta makara. Ya ce in taimaka in kira ki, maganar minti ɗaya ce. Na ce Baba ka fi ni sanin doka, ba shiga ba saƙo. Na ma duba masa takardar masu izini ko da sunansa, don ni har ga Allah na ɗauka yana ciki." Ya nuna takardar da ke manne a bangon ɗakinsa. "Babu. Ke kika buga ta ai, kin sani."

Ta sani. Ita ta cire sunan, rana ɗaya da ta goge shi daga cikin Tsohuwa.

"A bencin can ya zauna, rana ta zo ta same shi, na ce ya matso inuwa. Har sha biyu yana nan, ko za ki leƙo. Da ya ga dai ba hali ya ce bari ya je, ƙafarsa na damunsa." Maigadi ya girgiza kai. "Mutumin kirki. Har ya tambaye ni wai kina samun cin abinci kuwa."

Ta warware takardar. Agogonsa ne na hannu, mai madaurin ƙarfe, gilashin ya sha ƙarzuwa, wanda ta san shi da shi tun tana hawa cinyarsa. Ba wasiƙa, sai kalmomi huɗu da biro a jikin takardar: Na saita da safe.

Ta kunna wayarta ta gwada. Daidai suke, har sakan.

Motar biyar saura ta tsaya a tsallaken titi, kwandasta yana dukan ƙofa yana kira. Dogo ya ɗaga mata hannu daga taga wai ta yi sauri ya kama mata wuri. Ƙirjinta kamar zai fashe. Ta zura agogon a hannu, ya yi mata yawa, ya zame har tsakiyar dantse, ta riƙe shi da ɗaya hannun.

"Manaja ya fita?" ta tambaya.

"Yana ciki. Ga motarsa can."

Ta kira Yaya ta ce a ba yarinya ruwa a ɗan lallashe ta, za ta ƙara rabin awa. Ba ta tsaya jin faɗan ba. Ta miƙa wa maigadi wayar.

"A'a, ai an gama aiki, doka ta tashi," ya ce. "Shiga da abarki."

"Riƙe min dai," ta ce. "In tana hannuna zan sami wani dalilin fasa gaya wa Manaja gaskiya."

Motar ta ja ta tafi. Ita kuma ta juya ta bi baranda, ta wuce ɗakin Tsohuwa ba ta tsaya ba, ta ƙwanƙwasa ƙofar Manaja.